Uzairu Mai Fenti da Ƙudan Zuma Bakwai

Mai karatu, ka taɓa ganin magidanci ɗan shekara arba'in da bakwai, mai mata da 'ya'ya biyar, ya sallame sallar asuba ya tafi gindin ɗorawa ya zauna yana jiran ƙuda? To, mutanen Yako sun gani. Kwana hamsin da ɗaya cur Malam Uzairu ya yi yana wannan zama, kuma ƙudan zuman da yake jira ko ɗaya bai leƙo ba.

Uzairu haifaffen Yako ne, a ƙasar Kiru. Kakansa Babarbare ne, fataucin kanwa ya kawo shi, ya ga ƙasa mai albarka ya sauke kaya bai ƙara ɗauka ba. Shi kuwa jikan yana ɗan ashirin da biyar ya tafi Kano, ya samu aiki a wani kamfani da ke ƙera gadajen ƙarfe da kujerun makaranta. Aikinsa feshin fenti. Shekara ashirin da biyu ya yi yana yi. In aiki ya yi aiki, gado tamanin yake fesawa kafin a tashi. Sau biyu aka ba shi agogon bango na gwarzon ma'aikaci. In ka miƙa masa ƙarfe ya shafa da ɗan yatsa, zai gaya maka shafi nawa aka yi masa.

Sai wuta ta yi ƙaranci, man dizal ya yi tashin gwauron zabi. Kwanakin aiki suka sauko daga shida zuwa huɗu, daga huɗu zuwa biyu. Wata Alhamis cikin watan Agusta aka tara su, su sittin da uku, aka raba musu takardar sallama. Uzairu ya karɓi tasa, ya cire rigar aiki ya ninke, ya fito. Cikin wata guda ya taka kamfani goma sha huɗu. Ko'ina sai a dubi furfurar gemunsa a ce ya bar lambar waya.

Da ya ga zaman birni ba nasa ba ne kuma, sai ya kwashe iyali ya koma gidan gado, inda mahaifiyarsa take. Inna ta haura tamanin, idonta ya yi rauni. Akwai kuma wani abu da ke cin ransa game da ita. Shekara shida kafin nan mahaifinsa ya rasu yana bakin aiki. Kafin ya nemi izini, ya samu mota, ya sauka a Kwanar Ɗangora ya hau babur, har an dawo daga maƙabarta. Tun ranar yake roƙon Allah kada a maimaita masa haka da Inna.

Amma roƙo daban, tuwon mutum takwas daban. Gonar gado kadada ɗaya da rabi ce, ba za ta riƙe gida ba. Yayan matarsa, Abdulmalik, da ke zaune a Fatakwal, ya bugo waya ya ce ya samo masa gadin wani sito.

"Zan riƙe maka gurbin har ƙarshen Janairu," in ji shi. "Daga nan ba ruwana, mutane na layi."

Uzairu ya yi godiya, amma zuciyarsa na wani wuri. Ya riga ya ga hoton bidiyo na kiwon zuma a waya, har ya je bitar kwana biyu a Kano an ba shi takarda. Ya zaga gonar ya ƙirga: ɗorawa huɗu, kaɗanya bakwai, mangwaro biyu, ga rafi a ƙasanta da ba ya ƙafewa sai bazara ta yi nisa. Ya dawo ya ce wa matarsa Balaraba, "Ga sharaɗi. In zuma ta kama ko da wuri ɗaya kafin ƙarshen Janairu, na zauna. In ba ta kama ba, ki haɗa mini jaka."

"Allah ya sa ta kama, Malam," in ji Balaraba. "Ni dai kada ta biyo ka gida."

Ya sayi katako ya ƙera akwati ashirin da hannunsa, kowace kusurwa a kan awo. Daga nan ne gwaninta ta yi masa rana. Duk wanda ya taɓa rufin ɗaki a ƙasar nan ya san maganin gara: baƙin mai. Uzairu ya je wurin mai gyaran babur ya karɓo galan biyu, ya jiƙa akwatunan ciki da waje. Da suka sha, ya bi su da fenti shuɗi shafi uku, ya rubuta musu lamba da fari, ɗaya zuwa ashirin. Ranar ashirin ga Nuwamba ya jera su a inuwa, layi huɗu, biyar-biyar. Kowace Juma'a kuma sai ya wanke su da garin sabulu, don a kamfani haka aka koya masa: kayan aiki ba ya kwana da datti. Mutane suka riƙa zuwa kallo. Wata tsohuwa har ta tambaya ko na lefe ne.

Akwai mutum ɗaya da ba ya tsayawa kallo, sai dai ya wuce. Dikko ke nan, wani dattijon Bafulatani da rugarsu ke hayin rafi, mai noma da kiwo. Kowace safiya yakan bi ta gefen gonar da shanunsa talatin da 'yan kai. Da yake akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, ba ya wucewa shiru.

"Babarbare! Bawana! Ya baƙin naka, sun iso?"

"Suna hanya, Baffa. Kai dai ja shanunka, kada su taka mini kaya."

"To, in sun iso ka gaishe su."

Haka kullum. Kwana goma, kwana talatin, kwana hamsin. Abin da ya shiga akwatunan dai ƙadangare biyu ne da gizo-gizo, su ma ba su daɗe ba.

Ranar kwana na hamsin da ɗaya ya dawo gida da azahar, ya tarar Balaraba tana dariya ita kaɗai a bakin murhu.

"Lafiya?"

"Malam, ka san sunan da mutanen ruga suka sa wa gonarka? Matar Dikko ce ta kawo nono, ta ce wai in ana kwatance sai a ce, ka bi ta gareji ka sauka rafi."

"Gareji?"

"Wai wari ɗaya suke da wurin bakanike." Ta goge ido da gefen zani, sai kuma ta daina dariyar. "Ta ce mijinta yana da amyar zuma tara a dajin bayansu, tun tana amarya ba su taɓa sayen zuma ba. Saura kwana ashirin da ɗaya fa, Malam. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Uzairu bai ci tuwon ranar da daɗi ba. Shi da takardar bita, shi da shekara ashirin da biyu a kamfani, a ce wai mai bin shanu ne zai koya masa aiki? Amma ya ƙirga kwanakin da yatsu, ya ga lissafin Balaraba daidai ne. Bayan la'asar ya sayi goro ya haye rafi.

"Salamu alaikum."

"Amin, alaikumus salam. A'a! Yau Babarbare ne a rugata? Kanwa ka kawo wa shanu, ko bautar ka zo ka ci gaba?"

"Tambaya na zo yi, Baffa."

"Zauna tukuna."

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura da nono a ƙwarya. Sai da suka gaisa tsaf, ya iyali, ya shanu, ya jikin Inna, sannan Uzairu ya ce, "An ce kun sa wa gonata gareji."

"Ba mu muka sa ba, shanu ne. In mun zo daidai nan sai su kau da kai."

"Tun yaushe ka san zuma ba za ta shiga ba?"

"Tun ranar da ka jera su. Daga hanya na jiyo."

Uzairu ya ajiye ludayi. "Haba Baffa! Kwana hamsin da ɗaya kana wucewa!"

"Kullum kuma ina tambayarka ya baƙi, kullum kana ce mini suna hanya. Mutum ya ce baƙinsa suna hanya, ni wane ne da zan ce masa ba haka ba? Ka zo da takarda, ka zo da waya mai hoto. A wurinmu ba a cusa wa babba magana a kan aikinsa sai ya nema. Wasa kyauta ne, kowa ya wuce a yi masa. Karatu kuwa sai an zo an zauna, kamar yadda ka zauna yanzu." Ya ɓare goro ya jefa a baki. "Kai da kanka, in aka shafe ɗaki da baƙin mai, za ka kai amarya ciki? Zuma hanci gare ta, Babarbare. Ba ta karanta lamba."

Washegari aka fara. Dikko ya sa shi yankan gamba, ya nuna masa yadda ake saƙa amya, wato gidan zuma na ciyawa, doguwa mai baki biyu kamar ganga. Kwana uku suna saƙa, suka samu shida: huɗu na Dikko, biyu karkatattu na Uzairu. Sai aka zo yaɓe. Dikko ya kai shi garke da sassafe ya nuna masa ɗanyen kashin shanu. Uzairu ya zaro safar hannu ta roba daga aljihu.

"Mece ce wannan?"

"Ta kare hannu ce."

"Miƙo." Dikko ya shinshina ya jefar. "Ita ma warin kamfani take. Sa hannunka, ai ba cizo yake ba. Kakanka ma ya kwashe wa kakana."

Uzairu ya runtse ido ya tsoma hannu. Ya yaɓe amya shida ciki da waje, aka jera a rana kwana uku. Da suka bushe, Dikko ya haƙa ɗan rami ya zuba garwashi, ya ɗora busasshen kashin shanu da ganyen ɗoɗɗoya da guntun tsohon kaki, ya kifa kowace amya a kai har hayaƙin ya ratsa ta. Ƙamshin da ya tashi ba irin na kanti ba ne, amma Uzairu ya ji wani abu a ciki kamar tsohon ɗakin kakarsa.

Ranar sha bakwai ga Janairu, mutumin da rabonsa da hawa bishiya tun yana makarantar allo ya ɗare kaɗanya da igiya a kafaɗa. Dikko na ƙasa yana ba da umarni da sanda.

"Ƙara sama! Juya bakin, ya ba iska baya! Ɗaure da kyau, ba rawanin Barebari ba ne!"

Suka rataya huɗu a kaɗanya, biyu a ɗorawa, nesa da inda aka jera akwatunan a da, waɗanda aka kwashe a amalanke aka kai gida.

"Saura doka biyu," in ji Dikko. "Kada ka zo nan da turaren Juma'a a jikinka. Kuma ka daina zama a gindi kamar mai karɓar haraji. Tsaya daga nesa."

Uzairu ya auna taku arba'in ya aza dutse. Nan yake tsayawa. Saura kwana goma sha huɗu.

Kaɗanya ta fara fure, mangwaro ma haka. Kwana biyar, shiru. Kwana goma, shiru. Ranar kwana na sha uku Balaraba ta haɗa jaka: kaya kala huɗu, darduma, tocila, ƙullin yaji. Inna ba ta ce kada ya tafi ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"Fatakwal ɗin nan, kwana nawa ce a mota?"

"Kwana da yini, Inna."

"To," in ji ta, ta ci gaba da jan carbi.

Ranar talatin da ɗaya ga wata da hantsi ya je gona don ya yi wa wurin kallon ƙarshe. Yana tsaye a kan dutsensa sai ya ga wani abu yana shawagi a bakin amya ta uku, ɗaya daga cikin karkatattun nan nasa. Ya matsa. Ƙudan zuma ne, suna shiga, suna fita, suna zaga ta. Ya ƙirga sau uku don kada ido ya yaudare shi. Bakwai.

Da gudu ya haye rafi, takalmi ɗaya a hannu. Dikko ya zo ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Waɗannan ba masu gida ba ne. 'Yan duba wuri ne. Mu ma kafin mu tashi da shanu sai mun tura mutum ya gano makiyaya. Yana iya dawowa ya ce a taso, yana iya cewa wurin bai yi ba."

"To za su zo?"

"Ni Bafulatani ne, ba boka ba."

Uzairu ya koma gida. Sharaɗin da ya gindaya da bakinsa shi ne zuma ta kama, kuma ba ta kama ba. Motar kudu tana tashi daga Kwanar Ɗangora bayan la'asar. Ya zauna a kan turmi ya gaya wa Balaraba abin da ya gani.

"Bakwai?" in ji ta. "Ai ko yaran gidan nan aka raba wa, ni da Inna ɗai-ɗai za su rage mana."

Bai yi dariya ba. Ta dube shi, ta ajiye muciya, ta shiga ɗakin ajiya. Ta ɗan jima ta fito tana karkaɗe hannu.

"Masara buhu biyar da rabi. Dawa dami tara. Kalwar daddawata tiya ashirin. In na rage hannu, ina kuma sayar da daddawa, za su kai mu sabuwar masara."

"In ba su zo ba fa?"

"In ba su zo ba, ka rasa gadi, mu sha wuya, a yi mana dariya. In kuma ka tafi suka zo, wa zai tarbe su? Ni dai ba na hawa bishiya. Kuma ba ni zan tsaya gaban Inna kullum ina ce mata ka bugo waya ba."

Ya ɗauki waya ya kira Abdulmalik.

"Yaya, na gode, Allah ya saka da alheri. A ba wani."

"Uzairu, kana cikin hankalinka? Zumar ta kama ne?"

"Ba ta kama ba tukuna. Bakwai dai sun zo dubawa."

"Bakwai me? Buhu?"

"Ƙuda."

Uzairu ya duba ko layin ya yanke. Can Abdulmalik ya ja numfashi ya ce, "Ƙanwata ce ta ɗaure maka gindi, na san halinta. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Washegari bakwai ɗin ma ba su dawo ba. Rana ta biyu, ba ko ɗaya. Rana ta uku Uzairu ya tsaya a kan dutse har rana ta take tsaka, ya koma gida ya kasa haɗa ido da kowa. Gurbin Fatakwal an riga an ba wani.

Rana ta huɗu da hantsi ya ji ƙara daga wajen rafi, kamar injin ban ruwa daga nesa. Ya waiga. Wani baƙin gungu ne ya taso sama da kan mangwaro, ya yi kwana, ya sauka a kan kaɗanya ya lulluɓe amya ta uku har ba a ganin ciyawarta. Ya duba agogo: minti ashirin da biyu suka ɗauka suna shiga. Nan cikin kunyar gona ya faɗi ya yi sujada. Da ya ɗago, murna ta sa ya manta da taku arba'in, ya matsa gindin bishiyar, ɗaya ta sauko ta harbe shi a kunne. Ya shigo gida da kunne kamar fanke yana dariya.

"Sun biya ka albashin farko ke nan," in ji Balaraba.

Kafin ƙarshen Maris huɗu cikin shida sun kama. Da lokacin ɗiba ya yi, sai aikin kamfani ya yi ranarsa. A al'ada da wutar kara ake ɗibar zuma, a ƙone rabin ƙudan. Uzairu ya ce a'a, baƙin da ya sha wuya kafin su zo ba zai ƙona su ba. Ya samu gwangwanin madara ya huda, ya haɗa masa ɗan zugazugi da fatar tsohon takalmi, ya zama abin busa hayaƙi mai sanyi. Dikko ya juya shi ya sake juyawa.

"Ashe Barebari ma suna da kai. Yi mini ɗaya."

Ɗibar farko kwalba goma sha ɗaya ce, harbi goma sha tara. Kwalba ta farko ɗakin Inna ta shiga, ta biyu ta haye rafi, ta uku aka ba direba ya kai Fatakwal.

Yau shekara uku ke nan. Uzairu yana da gidan zuma hamsin da takwas: amya ashirin da biyu, akwati talatin da shida, arba'in da ɗaya daga ciki da ƙuda. Akwatunan yanzu farin katako ne, kaki kawai yake goga musu a ciki. Baƙin mai kuwa ya samu wurinsa, a ƙafafun ƙarfen da akwatin ke zaune a kai, inda yake hana cinnaka hawa. Wasu suna Yako, wasu suna gonakin rani na wajen Tiga, inda masu kankana da kansu suke roƙonsa ya kawo, don sun lura ta fi 'ya'ya in akwai zuma kusa. Ba kullum ake kwana a gado ba: bara wutar daji ta cinye masa amya biyar, ɓarayi suka sauke biyu, akwai kuma watan da sai daddawar Balaraba ce ta riƙe gidan. Amma zumarsa tana zuwa kasuwar Tudun Wada, tana zuwa Kano, kuma tsofaffin abokan aikinsa uku sun zo ya koya musu. Shuɗɗan akwatunan nan ashirin suna bayan ɗaki, kajin Balaraba na ƙwai a ciki, kowace da lambarta.

In ka tambaye shi, ba ya cewa sallamar da aka yi masa daɗi ce. Cewa yake ta yi ciwo, kuma har yanzu in ya ji warin fenti sai gabansa ya faɗi. Amma yakan ɗaga yatsu ya lissafa waɗanda yake yi wa addu'a bayan kowace salla: matar da ta shiga ɗakin ajiya ta fito da amsa, dattijon da ya sa shi kwasar kashin shanu, surukin da ya nema masa aiki bai kuma yi fushi da aka ƙi ba. Inna tana nan da ranta. Kowace safiya shi yake zuba mata cokali ɗaya na zuma a koko da hannunsa, kuma safiyar nan ta haura dubu.

Kai kuma da kake karanta wannan, in aiki ya sake ka, ko kana jin ƙishin-ƙishin zai sake ka, ba sai ka fara da ashirin ba. Ɗaya ta isa. Ka nemi bishiya mai fure da ruwa kusa, ka nemi izinin mai ita. Ka sayi goro ka je wurin wanda ya riga ka, ka zauna a tabarmarsa tun kafin ka yanki ciyawa. Gamba dami ɗaya, kashin shanu kwano biyu, igiya gaba shida, kwana shida na aiki. Don Allah ka rataya amya ɗaya bana, kafin kaɗanya ta yi fure.